Wata Guda a Ɗakin Jinya Ina Jiran Ɓargona Ya Farfaɗo

Da kasala abin ya fara. In na hau matakala kaɗan sai in tsaya ina haki kamar wanda ya sha gudu. Daga baya na riƙa ganin jini a buroshi duk lokacin da na goge baki, sannan wasu tabo baƙi-baƙi suka fito mini a cinya da damtse ba tare da na bugu da komai ba. Na kusa wata guda ina shan maganin zazzaɓi, kowa da abin da zai ce yana damuna. Ranar da aka ɗebi jinina aka yi cikakken gwaji, likita bai bar ni na koma gida ba. Ya ce, "Malam, yau a nan za ka kwana. Jininka ya yi ƙasa ƙwarai, kuma akwai abin da nake so mu duba a ɓargonka."

Sai ranar na san cewa a cikin ƙashi ake yin jini. Ɓargon da ke cikin manyan ƙasusuwa, musamman na ƙugu, shi ke samar da jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ko'ina a jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet, waɗanda ke toshe rauni su tsayar da jini. Aka kwantar da ni ta gefe ɗaya, na naɗe gwiwoyi, aka yi mini allurar kashe zafi a bayan ƙugu. Shigar babbar allurar ban ji ta da zafi ba, sai nauyi, kamar ana danna ni da ƙarfi. Amma da aka zo zuƙo ɓargon, wani raɗaɗi ya ja tun daga ƙugu har ƙafa, ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. Ƙanena ne ke riƙe da hannuna. Daga baya na ga shatin faratana a fatarsa.

Bayan kwana 3 aka gaya mana sunan cutar: sankarar jini ce, mai saurin ci, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AML. Likitar da ke kula da cututtukan jini ba ta faɗa mana a tsaye ba. Ta jawo kujera ta zauna tsakanina da matata, ta ɗauki takarda tana zane. Ta ce wasu ƙwayoyin jini ne da ba su nuna ba, suka tsaya a jarirai suna ta hayayyafa, har suka cika ɓargon suka hana masu lafiya wurin tsayawa. "Ka ɗauka gona ce ciyawa ta cinye," in ji ta. "Maganin da za mu ba ka ba ya bambanta ciyawa da shuka. Zai share gonar gaba ɗaya. Daga nan sai mu jira mu ga abin da zai fara tsirowa."

Na ji kalmar sharewa da kyau, ita ce ta tsorata ni. Kalmar jira kuwa ta wuce ta gefen kunnena. Ashe ita ce jinyar.

Kafin a fara sai da aka duba zuciyata da na'ura, domin ɗaya daga cikin magungunan yana iya raunana ta. Aka gwada ƙoda da hanta. Likitar ta tambaye mu ko muna da 'ya'ya, ta kuma gaya mana gaskiya cewa maganin yana iya taɓa haihuwa. Aka sa mini wata siririyar roba ta jijiyar damtse, doguwa, wadda bakinta ke ƙarewa a babbar jijiya kusa da zuciya. Ta nan ake sa magani, ta nan ake ɗibar jini. Na yi wa robar nan godiya sau da yawa, don ta raba ni da sukar allura ta kullum. Aka kuma fara ba ni ruwa leda bayan leda, da wata ƙwaya mai suna alofurinol, saboda idan ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa lokaci guda, dattin da suke saki yana iya toshe ƙoda.

Tsarin maganin suna kiran sa bakwai da uku. Na farko, sitarabin, yana ɗiga ne dare da rana ba tsayawa har kwana 7. Na biyu, donorubisin, sau ɗaya a rana ake yin sa a kwana 3 na farko. Wannan ja ne wur, ba za ka manta kalarsa ba. Nas ɗin da ke sa shi takan sa safar hannu da riga ta musamman, ta zauna kusa da ni tana tura shi a hankali, idonta a kan robar, domin in ya tsiyaya a wajen jijiya yana ƙona nama. Ta gargaɗe ni tun kafin ta fara: "Malam, za ka ga fitsarinka ya yi ja yau da gobe. Ba jini ba ne, kalar maganin ce." Da ba ta faɗa ba, da na ɗauka ƙarshena ne ya zo.

Da dare in barci ya ƙi zuwa, nakan ɗauki waya in karanta tarihin abin da ke shiga jikina. Tun 1973 likitoci a Amurka suka bayyana wannan tsari na bakwai da uku, kuma har yau ana amfani da shi. Jan maganin daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa aka samo shi, masu bincike a Italiya da Faransa suka gano shi. Ɗayan kuma asalinsa daga binciken wani soson teku ne. Sai in kalli ledar da ke rataye a kaina in yi ta mamakin ikon Allah, yadda ya ɓoye magani a turɓaya da ƙarƙashin ruwa. Karatun nan ya rage mini tsoro sosai. Gaskiyar masu magana ce, rashin sani ya fi dare duhu.

Kwanaki 7 na maganin ba su yi tsananin da na zata ba. Akwai tashin zuciya, amma ana ba ni maganin hana amai kafin ya taso, kuma na koyi cewa in na jira sai ya taso, kwantar da shi ya fi wuya. Ɗanɗanon bakina ya canza, ruwa ma sai in ji kamar na tsotsi ƙarfe. Duk inda zan je, sandar ƙarin ruwa na biye da ni, har banɗaki. Ƙafarta ɗaya tana ƙara idan ana tura ta, masu jinya a ɗakunan kusa sun san fitowata da wannan ƙarar.

Ranar asibiti tana da tsarinta, kuma ba ta tambayar ko ka yi barci. Tun kafin gari ya waye nas za ta shigo da kwalabe ta ɗebi jini. Duk bayan awa 4 ana auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, da rana da tsakar dare duk ɗaya. Da safe in hau sikeli. Duk ruwan da na sha ana rubutawa, duk fitsarin da na yi ana aunawa. Mai shara ta zo ta goge ƙasa da hannun ƙofa da ƙarfen gado. Wajen hantsi likitoci su shigo zagaye, babba a gaba, ƙanana a baya da fayil. Akwai wani matashi a cikinsu da kan tsaya a ƙafar gadona yana yi wa 'yan'uwansa bayanina da kalmomin da ba na ganewa, ba tare da ya ko kalle ni ba. Abin ya yi mini ciwo. Rana ta huɗu na ce masa, "Likita, don Allah in ka gama da su, ni ma ka gaya mini, tunda jikina ne." Ya yi shiru, ya ba ni haƙuri. Daga ranar kullum sai ya dawo shi kaɗai bayan zagaye ya karanta mini sakamakon gwajin safe.

Ƙanena ya sayo ƙaramin littafi ya ja layi uku. Layin farko na jan jini ne, himogulobin, wanda a namiji mai lafiya yakan kai 13 ko fiye. Na biyu filatilet, da ya kamata su kasance tsakanin 150,000 da 450,000. Na uku su ne sojojin gaba a cikin fararen ƙwayoyi, niyutirofil, waɗanda a mai lafiya suke haura 1,500. Likita ta ce in suka sauka ƙasa da 500, ƙwayar cutar da ba ta iya yi wa yaro komai tana iya kayar da ni. Lambobin nan uku suka zama labaran duniya a wurinmu. Matata in ta kira da safe, bayan gaisuwa abin da take fara tambaya shi ne, "Yau nawa ne?"

Ranar da aka cire leda ta ƙarshe na yi murna har na ce wa ƙanena ya fara haɗa kaya a ransa. Nas ɗin da ke cire ledar ta dube ni ta ce, "Malam, yi haƙuri, yanzu ne za a fara. Maganin ya gama shiga, amma bai gama aiki ba."

Haka kuwa aka yi. Kullum lambobin sai ƙasa suke yi. Sojojin suka sauka 800, suka sauka 300, rana ta 10 aka rubuta 0. Aka mayar da ni ɗaki ni kaɗai, aka manna takarda a ƙofa. Duk mai shigowa sai ya wanke hannu ya sa takunkumi. Mai mura ko tari ba ya shigowa ko da mahaifiyata ce. Yara kuwa an hana su sam. Wannan doka ta ɓata wa wasu rai. Akwai waɗanda suka yi tafiya mai nisa don su duba ni, aka tsayar da su a bakin ƙofa, muka gaisa ta gilashi. Ƙanena ne ya sha wannan fama, yana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kuma ya riƙa karɓar ƙulle-ƙullen magani da masoya ke kawowa da kyakkyawar niyya, ya yi godiya, ya ajiye su waje. Likita ta riga ta gaya mana cewa duk abin da ba a dafa ba yana iya ɗauke da ƙwayar cuta, kuma hantata da ƙodata suna da aikin da ya ishe su. Abincina ma sai wanda ya dahu sosai aka kawo da zafinsa. Wanda ya kwana, ko ɗanye, ba ya shiga bakina.

Daga nan baki ya ɓaci. Fatar cikin baki tana cikin sassan jiki masu saurin sabuntawa, shi ya sa maganin ke cin ta kamar yadda yake cin ɓargo. Ya fara da ɗan zafi a gefen harshe, kafin kwana 2 gyambo ya cika dasashi da ganɗa har maƙogwaro. Haɗiyar yawu ta zama aiki, sai na shirya mata, na runtse ido. An ba ni ruwan kurkure baki, aka ce duk bayan 'yan awoyi, da bayan kowane cin abinci, ko ina so ko ba na so. Aka karɓe buroshina aka ba ni wani mai laushi kamar soso, saboda filatilet sun yi ƙasa, ƙaramin ƙwarzane yana iya zubar da jini ya ƙi tsayawa. Da zafin ya kai inda ba na iya shan ruwa, aka ce za a ba ni mofin. Na ƙi, don na ji ana cewa yana kama mutum. Likitar ta ce, "Wanda ke shan sa don ciwo, a ma'aunin da muka tsara, muna sa ido, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ka daina ci da sha." Na karɓa. Daren nan na sha rabin kofi na abu mai ruwa-ruwa, cokali-cokali, matata na ƙirgawa. Da bakin ya warke aka janye maganin a hankali, ban kuma neme shi ba.

Daren rana ta 12 shi ne wanda ba zan manta ba, kuma laifina ne ya sa ya kai inda ya kai. Wajen ƙarfe ɗaya na ji sanyi yana shiga ƙashina. Na ja bargo. Ƙanena yana barci a kujera, kwana 2 bai runtsa sosai ba, na ji tausayinsa. Na ce bari in jira awon ƙarfe biyu, ai saura kaɗan. Kafin lokacin haƙorana sun fara haɗuwa, gadon kansa yana rawa. Ƙarar ƙarfen gadon ce ta tashe shi. Ya fita da gudu ba ko takalmi.

Ma'auni ya nuna 38.9. Cikin 'yan mintoci ɗakin ya cika. Aka ɗebi jini ta roba, aka ɗebi wani ta ɗaya hannun don a gano ƙwayar cutar, ba a jira sakamako ba aka rataya maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Awon hawan jinina ya faɗi, aka buɗe ƙarin ruwa yana gudu. Ina jin muryoyinsu kamar daga nesa. Abin da na fi tunawa shi ne tafin hannun nas ɗin dare a goshina, da muryar ƙanena yana cewa, "Yaya, ina nan. Yaya, buɗe idonka."

Da gari ya waye, jiki ya ɗan lafa, nas ɗin nan ta dawo kafin ta tashi aiki. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Malam, tun yaushe ka fara jin sanyin?" Na faɗa mata. Ta ce, "Awa guda ka ba cutar kyauta. Mai sojoji a jiki, in cuta ta shiga, wurin zai kumbura, ya yi ja, ya yi ruwa. Kai ba ka da su. Zazzaɓi kaɗai ne jikinka zai iya nuna mana. In ya kai 38, muna so magani ya shiga cikin awa ɗaya. Wannan ƙararrawar kiran nas ba ado ba ce. Kuma kada ka kuskura ka sha farasitamol da kanka, zai ɓoye mana zazzaɓin." Na kwana 4 kafin zafin ya sauka gaba ɗaya. Tun daga ranar, ko kaikayi na ji a inda ban saba ba, sai na faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, mai gyara ba zai sani ba.

A waɗannan makonni jinin mutane ne ya riƙe ni. Idan jan jini ya sauka wajen 7 sai a ƙara mini leda, tana ɗaukar awa 3 ko kusa da haka tana shiga. Kafin a rataya ta, ma'aikata biyu ne ke karanta sunana da lambar ledar da ƙarfi, su gwada da abin da ke ɗaure a hannuna. Bambancin a fili yake: da safe ba na iya ɗaga kai daga matashi, da yamma ina zaune ina hira. Filatilet kuwa ba ja ba ne, ruwan ɗorawa ne, kuma ba sa daɗewa a ajiye, 'yan kwanaki ne kawai, shi ya sa samun su ya fi wuya. Idan nawa suka sauka ƙasa da 10,000, ko na fara haɓo, sai a nemo. Wata rana 'yan ɗige-ɗige ja suka fito mini a ƙafafu kamar an yayyafa, muka wuni muna jiran leda ɗaya. Ƙanena ya nemi a ɗebi nasa, likita ta hana. Ta ce wataƙila nan gaba a buƙaci dashen ɓargo, kuma ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa da ni sosai. In aka sa mini jininsa yanzu, jikina yana iya sanin sa ya ƙi ɓargonsa daga baya. Sai ya koma waya yana kiran abokai da abokan aiki. Mutane suka zo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ban san fuskokin yawancinsu ba har yau, amma ba na yin addu'a in manta da su.

Gashi ya fara zuba a rana ta 16. Na tashi na ga matashi ya yi baƙi. Na shafa gemu, sai ga shi a tafin hannuna. Ba a yarda a sa mini reza ba saboda gudun yanka, sai da injin aski ƙanena ya kwashe sauran a hankali. Ban damu ƙwarai ba sai da yamma, da matata ta kira ta bidiyo ta miƙa wa 'yarmu ƙarama wayar. Yarinyar ta kalle ni ta kalle ni, ta juya ta ɓoye fuska a jikin uwarta. Na kira ta da sunan da ni kaɗai nake kiran ta da shi. Ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Baba, ina gemunka?" Na ce yana nan dawowa. Da aka kashe wayar na juya bango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini sunan cutar.

Daga rana ta 17 zuwa ta 22 babu abin da ya faru, kuma su ne suka fi kowane lokaci nauyi. Ba magani mai ja, ba gudu, ba hayaniya. Kullum a ɗebi jini, kullum a dawo a ce 0. Ƙanena ya daina karanta mini, sai dai ya rubuta ya rufe littafin. Na fara tunanin ko gonar nan ta mutu ke nan. Akwai wani dattijo a ɗakin da ke kusa da nawa, muna haɗuwa a baranda kowa da takunkuminsa da sandarsa. Ba mu taɓa doguwar hira ba. In ce, "Sannu Baba, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Ya naka?" Wata safiya na fito na ga ƙofarsa a buɗe, an cire zanin gado, mai shara tana wanke katifa. Ban tambaya ba, ba wanda ya gaya mini. Na koma na kwanta, ranar ban ci ba, ban kurkure baki ba, ban yi magana da kowa ba.

Washegari mai koyar da motsa jiki ta shigo, ta tarar da ni yadda aka bar ni. Na ce mata yau ba zan iya ba. Ta ce ba ta zo da dogon aiki ba, in zauna a bakin gado kawai in sauke ƙafafu. Na zauna. Ta ce in miƙe. Na miƙe ina jiri, ta riƙe ni. Ta yi mini bayanin cewa kwanciya tana cin naman ƙafa da sauri, tana kuma sa majina ta taru a huhu, wanda ga mai irin halina hanya ce ta kamuwa da ciwon huhu. Sannan ta ce, "Ɓargo ba ya hannunka, ba ya hannuna. Amma ƙafa da baki da wanke hannu suna hannunka. Ka riƙe naka." Muka taka daga ƙofata zuwa tagar ƙarshen baranda, taku 40 ne, na ƙirga. Daga tagar ana hango wata bishiya da motoci suna wucewa. Na tsaya ina kallon mutane suna tafiyarsu da ƙafafunsu, ba wanda ya san ana kallon sa.

Na sa ƙanena ya ƙara layi na huɗu a littafin, na yawan zuwa taga. Wannan lambar ni ke sa ta hau. Ranar farko 1, washegari 2, har na kai 6. Na koma kurkure baki a kan lokaci. Na koma cin abinci kamar yadda ake shan magani, ba don daɗi ba, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Na kuma gaya wa likitar abin da ke raina game da ɗakin da ya zama wayam. Ba ta ce mini kada in damu ba. Ta ce kowane majinyaci da irin cutarsa da shekarunsa da ƙarfin jikinsa, kuma a lissafinsu ɓargo yakan fara farfaɗowa ne tsakanin mako na uku da na huɗu, don haka ban makara ba. Ta haɗa ni da wata ma'aikaciya da aikinta shi ne sauraron masu jinya. Sau biyu ta zo, yawanci ni ke magana.

Bakina ne ya fara ba ni labari kafin littafi. Daren rana ta 22 na haɗiyi ruwa na ji bai yanke ni kamar da ba. Da hantsi matashin likitan nan ya shigo shi kaɗai, takarda a hannu, idanunsa suna murmushi ta saman takunkumi. Ya ce, "Malam, 100." Ƙanena ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Lamba ce da ba ta kai ko'ina ba, mai lafiya yana da ninkinta 15 ko fiye, amma daga cikin ƙashina ta fito, ba daga leda ba. Ƙanena ya rubuta ta, ya zagaye ta da biro har takardar ta kusa hujewa, sannan ya fita baranda ya kira mahaifiyarmu. Ina jin sa yana cewa, "Inna, sun fara fitowa."

Daga nan abin ya yi sauri. 300, sai 700, sai 1,400. Ƙasusuwan bayana suka riƙa ciwo kaɗan-kaɗan. Gyambon baki ya rufe cikin 'yan kwanaki kamar ba a yi ba. Filatilet suka daina faɗuwa, suka fara hawa da kansu. Aka cire takardar ƙofa. Ranar da na ji yunwa ta gaske, irin wadda ke sa mutum ya tambayi ko abinci ya iso, matata ta tsaya tana kallona ina ci, ba ta ce komai ba, sai hawaye.

Rana ta 29 aka sake ɗibar ɓargo. Wannan karon na san abin da ke zuwa, na ja numfashi daidai lokacin zuƙowa. Jiran sakamakon kwana 2 ne. Likitar ta sake jawo kujera kamar ranar farko. Ta ce miyagun ƙwayoyin sun koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, ba a ganin su a jini, kuma ɓargon yana yin aikinsa. Na ce, "Likita, na warke ke nan?" Ta ce, "Cutar ta lafa. Ba na so in ce maka ta warke yanzu. Akwai waɗanda suka rage da idon na'ura ba ya gani, in aka bar su za su dawo. Shi ya sa za ka huta a gida, sannan ka dawo a ƙara wasu zagaye na magani. Za mu kuma gwada jinin ƙanenka mu ajiye sani."

Aka sallame ni a rana ta 31, na rage kilo 7, ba gashi ko ɗaya a kaina. Nas ta canza bandejin robar hannuna, ta koya wa matata yadda za a rufe ta da leda lokacin wanka don kada ruwa ya taɓa. Ta ba mu takardar magunguna da lambar da za a kira ko da tsakar dare ne, ta sa na maimaita mata dokar 38 da bakina. Aka kawo keken tura marasa lafiya, na ce a bar shi. Na bi barandar nan da ƙafata, na wuce tagar da nake tsayawa, ƙanena na gaba da jaka, littafin yana aljihunsa. A bakin ƙofar fita iska ta bugi fatar kaina, na ji sanyinta har wuya. Matata ta miƙo mini hula. A takardar da ke hannunta an rubuta ranar dawowa, mako 2 masu zuwa, ƙarfe 8 na safe.